3.2 Waƙoƙin Nakajima Miyuki da Halin da Japan ta Shiga, 1975 zuwa 2003

A wannan sashe za a bi diddigin wasu shahararrun waƙoƙin Nakajima Miyuki, a ɗora su bisa tarihin Japan na kusan shekara talatin. Ita ke tsara baitocinta, ita ke sa musu kiɗa, ita kuma ke rerawa, wato ta haɗa aikin da a nazarin Hausa aka saba rabawa tsakanin marubucin waƙa da makaɗin baka. An daɗe a Japan ana ɗaukarta a matsayin mawaƙiyar rabuwar masoya. Ra'ayin wannan nazari shi ne, wannan suna ya yi mata kaɗan. Turken da ya ratsa waƙoƙinta shi ne mutumin da aka wuce aka bari a baya, ko masoyi ne ya bar shi, ko kuwa arzikin ƙasa.

An haife ta a Sapporo, cikin tsibirin Hokkaido na arewacin Japan, a shekarar 1952. Mahaifinta likita ne, ita kuma ta karanta adabin Japananci a jami'a. Sunanta ya fito a 1975, lokacin da waƙarta "Jidai", wato "Zamani", ta cinye gasar waƙoƙi ta kamfanin Yamaha, sannan ta sake cinye gasar duniya da kamfanin ya shirya a zauren Budokan na Tokiyo. Jigon waƙar shi ne cewa zamani juyawa yake yi, wanda ya faɗi yau zai tashi. Ya kamata a tuna cewa tsadar man fetur ta 1973 ta girgiza Japan, har tattalin arzikinta ya ja da baya a 1974, karo na farko tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Masu saurare sun ji waƙar ne a daidai lokacin da bunƙasar da suka saba gani ta fara tangal-tangal.

Waƙoƙin da suka ba ta sunan mawaƙiyar rabuwa su ne "Wakare Uta", wato "Waƙar Rabuwa", ta 1977, da "Akujo", wato "Muguwar Mace", ta 1981. Dukansu sun kai matsayi na ɗaya a jerin Oricon, kamfanin da ke ƙididdige cinikin faya-fayai kowane mako. Ba za a daɗe a kansu ba. Abin lura kawai shi ne, a cikinsu ba wadda aka zaɓa ke magana ba, wadda aka bari ce.

Wadda ta fi muhimmanci ga wannan nazari ita ce "Faito!" ta 1983, kalmar da Japanawa kan yi wa mai fafutuka don ƙarfafa masa gwiwa. Daga 1979 zuwa 1987 Nakajima tana gabatar da wani shirin rediyo na tsakar dare, inda take karanta wasiƙun matasa. Waƙar kuwa ta fara ne da wata yarinya da aka hana aiki saboda ƙarancin karatu, daga nan ta bi ta kan wasu da aka raina, har da ɗan ƙauyen da ba a bari ya tafi birni ba. A wancan lokaci Japan tana alfahari da cewa kusan kowa mai rufin asiri ne, kuma masana'antunta na motoci da kayan lantarki suna razana Amurka. Waƙar ta fito ne a cikin kundi, ba a matsayin faifai mai zaman kansa ba. Sai da ƙasa ta talauce aka waiwaye ta sosai.

Talaucin bai yi nisa ba. A ƙarshen Disamban 1989 kasuwar hannun jari ta Tokiyo ta kai maki 38,915, sannan ta rufta, ba ta sake taka wannan mataki ba sai a 2024. A 1994 aka nuna wasan talabijin mai suna "Ienaki Ko", labarin wata yarinya matalauciya mai neman kuɗin jinyar mahaifiyarta. Nakajima ce ta yi masa waƙar "Sora to Kimi no Aida ni", wato "Tsakanin Sama da Ke". Abin ban sha'awa, ta tsara ta ne da bakin karen da ke bin yarinyar. Faifan ya sayu sama da miliyan ɗaya, kuma a cikinsa aka sake saka "Faito!". Ke nan waƙar da aka yi tun lokacin wadata ta shiga gidajen mutane bayan shekara goma sha ɗaya, lokacin da wariyar da take magana a kai ta daina zama matsalar 'yan tsiraru.

A Nuwamban 1997 bankin Hokkaido Takushoku, babban bankin tsibirin da aka haife ta, ya durƙushe, kamfanin hannun jari na Yamaichi ya bi bayansa cikin watan. Daga 1998 masu kashe kansu a Japan suka haura 30,000 a shekara, galibinsu maza, rashin aikin yi kuma ya kai kashi 5.4 cikin ɗari a 2002. Cikin wannan yanayi ne tashar NHK ta fara shirin "Project X" a 2000, wanda ke ba da labarin injiniyoyi da leburorin da suka gina Japan bayan yaƙi ba tare da an san sunayensu ba. Waƙar buɗe shirin ita ce "Chijo no Hoshi", wato "Taurarin Doron Ƙasa". Hujjarta ita ce, jama'a sun ɗaga kai suna neman taurari a sama, sun manta da waɗanda ke kusa da su. Dattawan ma'aikata, waɗanda ba su saba sayen irin waɗannan faya-fayai ba, su suka riƙe ta, ta yi ta sayuwa a hankali ba tare da ta kai saman jeri ba.

Ranar 31 ga Disamba, 2002, Nakajima ta bayyana karo na farko a Kohaku, bikin waƙoƙin jajibirin sabuwar shekara na NHK. Ba ta rera daga zauren Tokiyo ba. Ta rera ne daga cikin wata hanyar ƙarƙashin dutse a yankin madatsar ruwa ta Kurobe, cikin tsananin sanyi. An kammala madatsar a 1963, kuma ma'aikata 171 suka rasu wajen ginin ta. A Janairun 2003, kimanin shekara biyu da rabi bayan fitowarta, waƙar ta kai matsayi na ɗaya. Da wannan Nakajima ta samu waƙa ta ɗaya a shekarun 1970 da 1980 da 1990 da 2000.

Sai dai akwai abin dubawa. An soki "Project X" da cewa yana ƙawata aikin da ke cinye rayuwar mutum, yana kuma lallashin ƙasa da nasarorin jiya maimakon ya tambayi wanda ya jawo faɗuwar yau. Wannan suka tana da makama, kuma ba za a iya raba waƙar da shirin gaba ɗaya ba, tunda shi ya kai ta kunnen jama'a. Amma idan aka dubi baitocin su kaɗai, za a ga ba kamfani suke wasawa ba, ba kuma ƙasa ba. Tambaya suke yi a kan inda waɗancan mutane suka shiga, ba tare da kowa ya rako su ba. An tsayar da shirin a Disamban 2005. Da NHK ta farfaɗo da shi a 2024, Nakajima ta sake rera masa waƙar.