Tuwon Ƙasa da Motar Kara: Makarantarmu ta Farko

Jama'a, tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893 Hausawa ke zuwa fatauci, har suka zauna suka hayayyafa. Mu da muka tashi a nan, kafin a miƙa mu makarantar allo, tsakar gida ce makarantarmu. 'Yan mata na tuwon ƙasa, maza na ƙera mota da karan dawa. Da tsakuwa muka fara lissafin da muke ciniki da shi yau.

Da Jalingo ta zama hedikwatar Taraba a 1991, makarantun nazare suka yawaita. Madalla. Amma ɗan shekara uku ya wuni daskare a kan benci? Haba! A bar hannunsa ya taɓa ƙasa. Allah Ya raya mana su.