Mararrabar Sauti: Abin da Akwatin Kafinta Ya Gada Daga Gidan Silima

Duk wanda ya taɓa zama a bayan taro, ko wurin Maulidi a Ikara, ko walimar sauka a Hunƙuyi, ko ɗaurin aure a Maƙarfi, ya san wannan matsala: ƙara tana dukan ƙirji, tana kaɗa kwanon rufi, amma ba a gane abin da mai magana ke faɗa. Akan ɗora laifin a kan amfilifaya ko janareta. Sau da yawa kuwa laifin yana cikin akwatin sifikar da kafinta ya haɗa, kuma matsalar ta kusa cika shekara ɗari.

A shekarar 1925 ne Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin kamfanin General Electric a Amurka, suka bayyana irin sifikar da muke amfani da ita har yau: maganaɗisu, da naɗin waya, da faifan takarda mai girgiza iska. Da fim mai magana ya shigo a 1927, sai aka gane cewa sifika ɗaya ba za ta iya ɗaukar gurnanin ganga da kaifin harshe a lokaci guda ba. Cikin shekarun 1930, ayarin Douglas Shearer na kamfanin fim na MGM ya raba aikin biyu: manyan sifikoki su ɗauki sauti mai kauri, ƙaho ya ɗauki siriri, a tsakaninsu kuma a sa 'yar na'urar da ke tura kowane sauti hanyarsa. Ita ce masu gyara ke kira kurosoba. Mu kira ta mararraba. Akwatunan silima na kamfanin Altec da suka biyo baya sun kafa mararrabarsu a haz 500 ko 800, wato adadin girgiza a daƙiƙa guda. Manufar duka ita ce a ji maganar ɗan wasa har kujerar ƙarshe.

A wajenmu lasifika ta fi kafuwa ta hanyar masallaci. Masallacin Sultan na Singafo ya ɗora ta tun 1936, daga baya ƙahonin TOA na Japan da Ahuja na Indiya suka cika hasumiyoyin garuruwanmu. Wannan ƙaho ba ya fitar da sauti mai kauri sosai. Tsakiyar sauti yake ɗauka, inda muryar ɗan Adam take, shi ya sa manomin rake a fadamar Kudan ke rarrabe kalmomin ladan daga nesa.

Akwatin biki ya bi wata hanya dabam. Ana sayo wufa mai inci 15 daga Sabon Garin Zariya ko na Kano, a haɗa ta da ƙananan tuwita, a sa kafasita ɗaya, a rufe da katako. Ga inda lissafin ke karyewa. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka a haz 1,000 tsawon zangonsa kusan santimita 34 ne, daidai da faɗin faifan wufar. Daga nan zuwa sama, wufar takan daina baza sauti, ta riƙa harba shi gaba kamar hasken tocila. Ƙananan tuwita kuwa ba sa aiki sosai sai wajen haz 3,000. Wanda ke zaune a gefe ya rasa abin da ke tsakani, alhali a nan ne yawancin abin da ke bambanta harafi da harafi yake. In aka matsa wa tuwitar ta sauko ta cike giɓin, sai ta ƙone, a koma kasuwa.

Maganin ba sabo ba ne. A sa sifikar tsakiya mai inci 8 ko 10, ta karɓi aiki daga wajen haz 250 zuwa 1,500 ko 2,000, inda ƙaho zai ɗauka. Kada a kafa mararrabar tuwita ƙasa da ninki biyu na mitar da take girgiza da kanta, wadda masu ƙera ta ke rubutawa a takardarta. Kafasita ɗaya tana rage sauti mai kauri da desibel 6 kacal duk lokacin da mitar ta sauka da rabi. Tsarin da Siegfried Linkwitz ya wallafa a 1976, wanda ke ɗauke da sunansa da na Russ Riley, ana yawan gina shi a kan desibel 24, kariyar da ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Haka nan, wanda ya musanya tuwita mai om 8 da mai om 4 bai canza kafasita ba, ya ɗaga mararrabar ninki biyu bai sani ba.

Wannan ya shafi duk wanda aka taɓa sa shi a kwamitin masallaci ko na makaranta, aka danƙa masa kuɗin jama'a ya sayo kayan sauti. Kafin a biya mai haɗa akwati, a tambaye shi a ina ya kafa mararrabar. Sannan a sa mutum ya karanta sanarwa, a koma gefe, can ƙarshen fili inda mata da tsofaffi ke zama, a saurara ko ana bambance "sa" da "tsa".