Daga Lifidi Zuwa Sahun Bindiga

Mu da muka tashi tsakanin Gwarzo da Kabo, in aka ce yaƙin da, doki da lifidi muke hangowa. Amma tun Basasar da ta ɓarke a 1893, Sarkin Kano Alu Maisango ya dogara da bayinsa 'yan bindiga, ba mahayan hakimai kaɗai ba. Sai dai sauyin ya makara. A Kwatarkwashi, cikin Fabrairun 1903, sojojin Turawa da ba su kai hamsin ba suka ja sahu mai kusurwa huɗu, suna harbi bisa umarni, suka tare dawakin Kano. Nan Waziri Ahmadu ya kwanta dama. Masu harbin kuwa baƙar fata ne, har da Hausawa, waɗanda aka horar ana biyansu albashi.