Aji Ba Shaidar Sani Ba Ne: Abin da Ajilari Ke Tilasta wa Malamai Su Sake Dubawa

Akwai wani zato da malaman boko suka gada ba tare da sun tsaya sun auna shi ba: cewa yaron da ke aji huɗu ya san karatun aji uku, don haka aikin malami shi ne ya ɗora daga inda manhaja ta ce, ya kuma kai ƙarshenta kafin a ba da hutu. A kan wannan zato aka gina jadawalin darussa, da littafin shirin darasi da mai duba makarantu ke sa wa hannu, da jarrabawar ƙarshen shekara. Hujjata a wannan maƙala ita ce, halin da unguwa irin Ajilari ta shiga a Maiduguri ya rushe zaton nan, kuma abin da ya cancanci ya maye gurbinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Barno.

Ajilari ta sha wuyar rikicin Boko Haram. Bama-bamai sun tashi a unguwar a watan Maris na 2014, suka sake tashi a watan Satumba na 2015. A watan Maris ɗin ne gwamnatin Barno ta rufe makarantu, da yawa daga cikinsu suka koma sansanin 'yan gudun hijira, kuma sai a 2016 sakandaren gwamnati suka dawo aiki sosai. A 2017 UNICEF ta ce an kashe malamai 2,295 a arewa maso gabas tun daga 2009, an lalata makarantu kusan 1,400. Mafi yawan waɗanda suka tsero daga Bama da Konduga da Gwoza da Dikwa ba a sansani suka zauna ba, cikin unguwanni suka raɓa da 'yan'uwa. To, a aji guda sai a tarar da wanda bai taɓa yanke karatu ba, da wanda ya yi shekara uku ba ya zuwa, da ɗan shekara goma sha biyu da yanzu ya fara riƙe fensir. Malamin da ya tsaya gaban allo ya ce "ku maimaita" zai ji amsa da ƙarfi, amma muryar 'yan gaba ce ke rufe shirun sauran. Maimaici a tare yana ɓoye wa malami wanda bai iya ba, kuma wannan ne babban aibinsa.

Daga Indiya ƙungiyar Pratham ta fito da tsarin koyarwa daidai da matakin yaro, wanda masu bincike na J-PAL suka gwada shekara da shekaru, aka kuma fara gwada shi a wasu makarantun Barno a 2018. Tsarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Malami zai zauna da yaro shi kaɗai ya ga ko yana gane baƙi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta gajeren labari. Sai a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, a ware musu wani lokaci kullum, wanda ya ƙware ya wuce gaba.

Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya zai ga ya san wannan. Tsangayar Barno, tun zamanin da Hausawa ke cewa an tafi gabas neman Alƙur'ani, ba ta taɓa karantarwa da aji ba. Kowane almajiri da allonsa. Daga babbaƙu ake zuwa farfaru, sannan haɗa baƙi, kuma ba a wanke allo sai yaro ya biya wa malam, malam ya gamsu. Kolo da titibiri da gardi suna zaune wuri ɗaya, kowa a inda karatunsa ya tsaya, babba yana biya wa ƙarami. Abin mamaki shi ne, malaman boko da yawa sun bi ta wannan hanya suna yara, amma horon da suka samu a kwalejin ilimi bai nuna musu akwai abin ɗauka a cikinta ba. Ba ina nufin a kwaso tsangaya ɗungurungum ba. Hadda, wadda ta dace da kiyaye Alƙur'ani, ba ta isa ga lissafi ko fahimtar labari ba. Bulala kuwa, da boko da allo duk suka yi tarayya a kanta, ba ta da gurbi a jikin yaron da ƙarar rufe ƙofa ke firgita shi.

Sai batun harshe. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara da harshen uwa ko na muhalli, kuma gwajin da Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci ba su yi baya a Turanci ba. A Ajilari lamarin ya fi haka wuya, domin akwai mai Barbarci, da mai Larabcin Shuwa, da mai Margi, Hausa kuwa ita ce ta kasuwa da wasa. Duk da haka, yaron da bai amsa tambayar Turanci ba bai zama daƙiƙi ba. Sau da yawa tambayar ce ba ta isa gare shi ba.

A 2022 gwamnatin Barno ƙarƙashin Babagana Umara Zulum ta jarraba malaman firamare 17,229, aka ce 5,439 ne kaɗai suka cancanta, 7,975 kuma za su gyaru da horo. Mutane sun tsaya kan abin kunyar. Ni kuwa adadi na biyun ne ya fi damuna, domin irin horon da za a ba su shi zai yanke hukunci. Idan aka tara su a babban ɗaki aka karanto musu takarda, an maimaita musu kuskuren da ake so su bari. Kuma ko malami ya gamsu, ba zai raba ajinsa rukuni-rukuni ba muddin mai duba makarantu na zuwa yana tambayar babi nawa aka gama. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce ke da ikon sauya wannan tambaya ta koma yara nawa ne a ajin suka iya karanta sakin layi, kuma nawa ne suka ƙaru tun zuwansa na baya.