Kyamara a Cikin Sito: Yadda Fim Ya Shiga Gidajen Tarihi

A shekarar 2023 gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya tara zane 28 na Johannes Vermeer a wuri guda, alhali duk abin da aka san ya rage na aikin mutumin bai kai 40 ba. Tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Mutum 650,000 ne suka samu shiga, sauran kuwa aka nuna musu hanyar gidan sinima, inda kamfanin Exhibition on Screen ya kai musu baje kolin a kan majigi. Kamfanin ya fara wannan sana'a tun 2011, lokacin da aka haska baje kolin Leonardo da Vinci daga National Gallery ta Landan zuwa gidajen sinima. Ciniki ne da kowa ke cin riba: gidan tarihi ya samu talla, mai sinima ya samu dattawa masu kuɗin tikiti, mai kallo kuma ya ga sawun burushi kusa da kusa, ba tare da ƙeyar wani ta tare masa ba.

Irin waɗannan fina-finai suna da ladabi ƙwarai. Ba a shiga da kyamara sai da izinin masu gida, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da wuya ka ji an tambayi ta wace hanya kayan suka iso. Amma wannan dangantaka tana da wani reshe da ya girmi na Vermeer da shekaru 70, kuma Afirka ce tushensa.

A farkon shekarun 1950 mujallar Présence Africaine, wadda Alioune Diop ɗan Senegal ya kafa a Faris a 1947, ta ba wasu matasan Faransawa, Alain Resnais da Chris Marker, aikin shirya fim kan fasahar Afirka. Tambayar da suka faro da ita mai sauƙi ce: me ya sa sassaƙar Girka da ta Masar suke Louvre a matsayin fasaha, amma ta baƙar fata take Musée de l'Homme, gidan da ake nazarin al'adun ƙabilu? Fim ɗin, Les statues meurent aussi, wato su ma gumaka suna mutuwa, ya fito a 1953, tsawonsa kimanin minti 30. Hujjarsa ita ce, duk abin da aka raba da mutanen da suka san ma'anarsa aka kulle a bayan gilashi, gawa ce ake nunawa. Ya ci kyautar Jean Vigo a 1954, amma hukumar tace fina-finai ta hana a nuna shi, saboda ƙarshensa ya fito ɓaro-ɓaro ya soki mulkin mallaka. Sai a shekarun 1960 aka sassauta, bayan ƙasashen da ake magana a kansu sun riga sun samu 'yanci.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Nii Kwate Owoo, ɗan Ghana da ke karatun fim a Landan. A 1970 ya samu izinin sauka sitocin British Museum da kyamara. Abin da ya ɗauko ya sa wa suna You Hide Me: akwatuna da jakunkuna da kantoci maƙare da kayan Asante da tagullar Bini da wasunsu, ana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Resnais da Marker sun ɗauki abin da ke gaban gilashi; Owoo ya nuna cewa wannan ɗan tsakure ne kawai, mafi yawan dukiyar tana ƙarƙashin ƙasa, inda Bature ba ya gani balle jikokin masu ita. Ya rufe fim ɗin da neman a mayar da kayan nan take, ba tare da sharaɗi ba. Shekara 47 ke nan kafin Emmanuel Macron ya tsaya a Wagadugu a Nuwamban 2017 ya yi alkawarin mayarwa, duniya ta yi ta tafi kamar ba a taɓa faɗa ba.

Alkawarin nan ne ya haifi rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy na 2018, wanda ya ƙiyasta cewa gidajen tarihin gwamnatin Faransa na riƙe da kayan Afirka ta kudu da Sahara aƙalla 90,000, kusan 70,000 daga ciki a Quai Branly kaɗai. A Nuwamban 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26, daga cikin abin da sojojin Alfred Dodds suka kwashe a fadar Abomey a 1892, a yaƙinsu da Sarki Béhanzin. Shi kansa Dodds haifaffen Saint-Louis ne ta Senegal, abin da ya isa ya nuna cewa labarin mallaka ba ya rabuwa gida biyu cikin sauƙi.

Mati Diop ta bi waɗannan kaya 26 da kyamara tun daga lokacin da ake naɗe su. Fim ɗinta, Dahomey, minti 68 ne, kuma shi ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na Barlin a Fabrairun 2024. Dabararta ita ce ta ba mutum-mutumin Sarki Ghezo murya. A takardun gidan tarihi sunansa lamba 26. Idan ma'aikata suka rufe akwati suka ɗaure shi da kusoshi, sai allon ya yi baƙi ƙirin, mai kallo ya zauna cikin duhu tare da shi, yana jin sa yana tambayar ko ƙasar da zai koma za ta gane shi. Marubuci ɗan Haiti, Makenzy Orcel, shi ya rubuta kalaman. Amsa ce ga fim ɗin 1953 bayan shekara 71: gunkin da aka ce ya mutu ashe yana sauraro.

Akwai haɗari a bunƙasar wannan salo, kuma ya shafe mu kai tsaye. Idan majigi na iya kawo Vermeer har gida, ba zai yi wuya wata rana a ce wa ɗan Najeriya da aka hana biza ga fim mai kyau na tagullar Bini, ya kalla ya haƙura. Hoto komai kyawunsa ba ya sauya sunan mai kaya a rajista.

Diop ta gane wannan, shi ya sa ba ta tsaya a bikin tarba ba. Ta miƙa wani babban kaso na fim ɗin ga ɗaliban Jami'ar Abomey-Calavi, suna muhawara mai zafi. Wasu na ganin 26 daga cikin dubbai cin fuska ne, wasu na ganin siyasar shugabannin ƙasashen biyu ce. Akwai masu tambayar dalilin da zai sa abin bauta ya baro gilashin Faris ya sake shiga wani gilashin a Kwatano. Akwai kuma masu kukan cewa makaranta ta raba su da harsunansu, domin kusan duk muhawarar da Faransanci suka yi ta, shi kuwa Ghezo da harshen Fon yake magana.