Viridiana da almakashin Franco

A shekarar 1960 Luis Buñuel ya koma Isfaniya bayan shekaru fiye da ashirin yana zaman hijira, gwamnatin Janar Franco kuwa ta ba shi izinin yin fim, tana fatan wanke sunanta a idon Turai. Abin da ya fito shi ne Viridiana.

Labarin na wata budurwa ne mai shirin keɓe kanta ga ibada a gidan mata masu zuhudu. Kawunta Don Jaime, wanda matarsa ta rasu a daren aurensu, ya ga kamannin marigayiyar a fuskarta. Ya roƙe ta ta sa kayan amarcin matar, ya sa aka zuba mata maganin barci, sannan ya kasa aikata abin da ya ƙudurta. Da ta tafi, ya rataye kansa.

Hukumar tace finafinai ta ƙi ƙarshen farko, inda Viridiana ke shiga ɗakin Jorge, ɗan kawun nata, ita kaɗai. Buñuel ya musanya shi da wasan karta tsakanin mutum uku: ita, Jorge da ƴar aikin gidan, Ramona. Masu tacewa suka amince, ba su lura cewa sabon ƙarshen ya fi na farkon nuni ga abin da suke gudu ba.

A 1961 fim ɗin ya ci Palme d'Or a Cannes. Jaridar Vatican ta kira shi saɓo, aka tuɓe jami'in da ya karɓi kyautar, aka haramta fim ɗin. Sai a 1977, shekara biyu bayan mutuwar Franco, aka nuna shi a Madrid.