Fawul

fawul *(suna, jam'i: fawul-fawul)* A wasan besbol, ƙwallon da aka buga ya fita gefen da ba a yarda da shi ba. Kishiyarsa ƙwallo mai kyau.

Farin layi biyu ne ke raba gardama. Suna tashi daga gida, inda mai bugu ke tsayawa, ɗaya ya bi ta zango na farko, ɗaya ta zango na uku, har su kai katanga, inda aka kafa doguwar sanda a ƙarshen kowanne. Layin da sandar duka cikin fili suke.

Alƙalin wasa ƙwallon yake kallo, ba ƙafar mai kamu ba. Idan ƙwallo bai kai zango ba, inda ya tsaya ko aka taɓa shi ne hukunci. Yana iya gangarawa waje ya dawo ciki, a ce mai kyau ne. Wanda ya wuce zango a sama kuwa, inda ya fara faɗuwa ake dubawa. Fawul yana cinye wa mai bugu dama ɗaya cikin uku, amma ba ya cinye ta ƙarshe, sai dai in an cafe shi a iska ko an tokare shi da gora maimakon a buga.

A wasa na shida na gasar World Series ta 1975, Carlton Fisk na Boston Red Sox ya buga ƙwallo sama ta gefen hagu, yana tsalle yana kaɗa hannuwa kamar mai koro shi ciki. Ƙwallon ya daki sandar, ya zama mai kyau, Boston ta doke Cincinnati Reds da ci 7 da 6.